Bindigar da ke hannun akta, da wadda ɗiyanmu ke son arowa

Satin da ya wuce ɗan yayata ya iske ni fada bayan la'asar muna jiran shayi na biyu, shi da abokanshi biyu, riƙe da kaye cike da rubutu, wai fim za su yi na soja, minti ashirin, da portabul za su ɗauka su sa YouTube. Na ji daɗi wallahi, don yaron da ya zauna ya rubuta labari da hannunshi ya yi abin kirki. Sai da munka zo ga kayan aiki ya ce, "Kawu, kaki mun samu, takalma mun samu, bindiga ta rage. Amma yayan abokinmu mai kaki ne, mun ce ko shi ara muna kalash ɗinshi awa biyu kawai, a fidda sharja, ba komi ciki." Nan take gabana ya faɗi. Na ce mishi a'a tun kafin in tsara yadda zan mishi bayani, ya ko ɓata rai, yana ganin tsoron manya ne kawai irin na kar ka hau moto kar ka yi dare. To ba shi ba ne. Maganar "ba komi ciki" ita ce maganar da anka faɗa gab da mutuwar mutane a wuraren ɗaukar fim na Amurka, inda akwai kuɗi da ƙwararru da dokoki rubuce, shi ya sa na ga gara in zauna in warware zancen a rubuce, don na san ba su kaɗai ba ne garin nan masu wanga tunani.

Mu da munka tashi Tawa shekarun 1990 mun san bidiyo kulob. Dala biyar kake biya bakin ƙofa, ka shiga ka zauna bisa benci ko ƙasa in benci ya cika, tele guda an ɗora bisa tebur an ɗaure da igiya, gurup na ƙara waje, zafi kamar gidan burodi amma ba mai motsi. Rambo, Komando, Chuck Norris, ga akta ga shef bandi, kuma kowa ya san akta ba ya mutuwa kuma harsashinshi ba ya ƙarewa. In an tashi sai mu nufi bayan gida mu yi bindiga da karan hatsi, mu ɗaura tsumma ga kai, muna tatatata da baki. Har na yi gemu ban taɓa tambayar kaina ba wai wannan abin da ke hannun akta mine ne, ƙarfe ne ko itace, wuta ce ta gaske ke fita bakinta ko zane. Amsar ita ce duka akwai, kuma bindiga guda da ka gani cikin fim sau da yawa uku ce ko huɗu masu kama da juna. Akwai ta roba wadda ake ba mai faɗowa daga bene ko mai dambe, don in ya faɗa kanta kar ya karye, ita ce kuma ake raba ma sojojin baya da ke can nesa da kamara. Akwai ta kwaikwayo mai kyawon gani wadda ba ta harbi sam, don ɗauka kusa kusa. Sannan akwai wadda ke amon wuta, ita kam mafi yawan lokaci bindiga ce ta gaske da ta fito daga masana'antar makamai, gyara kawai anka yi mata. Akwai manyan gidajen haya da sana'arsu ke nan, kamar Bapty a Landan da ISS a Kalifoniya, suna da dubban bindigogi da lasisin hukuma, suna ba masu fim haya tare da mutumen da zai kula da su.

Kafin a gane haɗarin sai an gane harsashi. Abu huɗu ne haɗe, akwai kwanso na tagulla, cikinshi albarushi, gindinshi ɗan ƙaramin maɓalli da allurar bindiga ke bugawa ya ba da tartsatsi, sai ƙwayar da ke bisa kai wadda ita ce ke tashi ta kashe. Harsashin fim, wanda sojojinmu ke ce ma bal a bulan, ni ina ce mishi holoƙo, duk yana da waɗannan banda ƙwaya. An matse bakin kwanson kamar yadda ake tattare bakin buhu, ko an toshe shi da takarda ko kakin zuma don albarushi kar ya zube. In an ja kunama albarushi ya kama, ƙara ta fito, wuta ta fito, iska mai zafi da ƙarfin tsiya ta fito, ƙwaya ce kawai babu. Mutane na jin babu ƙwaya sai su ce ai to wasa ne. A watan Oktoba 1984 wani matashin ɗan wasa Jon-Erik Hexum, shekarunshi 26, ana jinkiri wurin ɗauka ya ɗauki libarba mai holoƙo ciki ya kafa ga kanshi ya ja kunama. Ba ƙwaya ko ɗaya, iskar da ta fito ita ta fasa ƙashin kai ta tura ɓallin cikin ƙwaƙwalwa, bayan kwana shida ya rasu.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, kalash ko M16 in ka zuba mata holoƙo haka nan ba ta yin tatatata, sau ɗaya za ta yi ta tsaya. Dalili, ita bindiga mai sarrafa kanta da iskar harbin da ya fita take aiki. Cikin kalash akwai ɗan rami saman bututu, lokacin da ƙwaya ke tahiya cikin bututun ta toshe hanya, sai wani kashi na iskar ya bi ramin ya tura wani ƙarfe baya, ƙarfen ya jefar da kwanson da ya ƙone ya ɗauko sabo ya saka. To in ba ƙwaya ba abin da ya toshe hanya, iska duk ta fice ta baki. Saboda haka sai a ƙuntata bututun. Sojoji wajen atisaye suna ɗaura wani ƙarfe ja ko rawaya ga bakin bindiga, kowa na gani, masu fim ko ba su son a gani sai su ɗaura shi ta ciki, su bar ɗan ƙaramin rami daidai yadda iskar za ta isa ta motsa ƙarfen. Bindigar da anka yi ma haka ta zama ta holoƙo kaɗai, in wani ya yi kuskure ya sa mata mai rai fashewa za ta yi hannunshi. Ita ko libarba, mai ɗan gangan nan da ke juyawa, ba ta bukatar gyaran komi, da yatsa take aiki, yadda ta fito kanti haka ake kai ta gaban kamara, ta ci holoƙo ta ci mai rai duk ɗaya ne wajenta. Kuma in an ɗauke ta ta gaba ana hango kawunan harsasai cikin gangan, dole a zuba mata wasu na ado masu ƙwaya bisa kai amma ba albarushi. Wato yanzu wuri guda an tara harsashi iri biyu, ɗaya mai albarushi ba ƙwaya, ɗaya mai ƙwaya ba albarushi, na biyun kuma in ka aje shi kusa da mai rai ido ba ya rarrabewa. Shi ya sa ake sa ɗan ƙwallon ƙarfe ciki, a girgiza kusa da kunne a ji yana kacau kacau, ko a huda gefen kwanson. Mutuwa uku da anka fi sani a wanga fage duk da libarba anka yi su, ba da manyan mashinga da ke cika muna ido ba, ta farko ita ce ta Hexum da na riga na faɗa.

Ta biyu ita ta fi taɓa mu don ɗan Bruce Lee ne, kuma ba yaron Tawa na zamaninmu da bai san Bruce Lee ba. Brandon Lee, shekara 28, ranar 31 ga Maris 1993, wurin ɗaukar The Crow a jihar Karolina ta Arewa. Masu aikin sun bukaci harsasan ado, maimakon su sayo sai sunka ɗauki masu rai sunka zubar da albarushin sunka maida ƙwaya, amma maɓallin gindi yana nan da ranshi. Wani ya ja kunama, ɗan tartsatsin nan ya tura ƙwaya ta shiga bututu ta maƙale, ba wanda ya lura. Bayan kwanaki anka ɗauko bindigar anka sa mata holoƙo ba a leƙa bututu ba. Ka ga an haɗa ƙwaya da albarushi ke nan, rabi da rabi sun koma harsashi cikakke. Abokin wasanshi ya harba yadda anka ce mishi, ƙwaya ta shiga cikin Brandon, ya rasu asibiti ranar. Ka duba fa, ba mugu cikin labarin ga, ba wanda ya nufi kowa da sharri, mutum guda ne bai ɗauki sakan goma ya leƙa bututu ba.

Ta uku ta kwanan nan ce, 21 ga Oktoba 2021, jihar New Mexico, fim ɗin kaboyi mai suna Rust. An miƙa ma Alec Baldwin libarba an ce mishi mai sanyi ce, kalmarsu ke nan in ba komi ciki mai tashi. Ana gwajin yadda zai zaro ta gaban kamara, ta tashi, ƙwaya ta ratsa mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins ta shiga kafaɗar darakta Joel Souza. Ita ta rasu, shekarunta 42, ta bar miji da ɗa ƙarami. Da anka bincika sai ga wasu harsasai masu rai cakuɗe da na ado wurin, abin da dokar sana'ar ta hana sam, mai rai ba ya ko kusantar wurin ɗauka. Yarinyar da ke kula da makamai shekarunta 24, kuma an haɗa mata wani aikin bisa nata don rage kashe kuɗi, sannan safiyar ranar wasu masu kamara sun tattara kayansu sun tahi bisa koke koken yanayin aiki. A 2024 kotu ta same ta da laifin kisa ba da gangan ba ta yanke mata wata 18, shari'ar Baldwin ko alƙali ta kore ta watan Yuli na shekarar don masu gabatar da ƙara sun ɓoye wata shaida. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne gaggawa da son arha, su ne sunka ci matar nan, kuma su ne abin da yaranmu ke da shi da yawa, ba kuɗi, ba lokaci, rana na faɗuwa, batirin portabul na ƙarewa.

In ka ga yadda ake yi inda ake yi daidai sai ka gane su kansu masu fim ɗin tsoron bindiga suke, tsoro mai tsari. Makamai na kulle cikin akwatin ƙarfe, mabuɗi hannun mutum guda. In lokaci ya yi shi zai kawo, ya buɗe gaban ɗan wasa da mataimakin darakta, ya haska tocila cikin bututu kowa ya gani, ya girgiza harsasan ado ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi da ƙarfi ko mai sanyi ce ko mai zafi. Ba a auna mutum kai tsaye ko da holoƙo ne, ana karkatar da baki gefe kaɗan, kamara ce ke sa ka ga kamar saiti ne. In dole a harba wajen kamara sai a sa gilashin roba mai kauri gabanta, mutane su janye, kowa ya toshe kunne. Ana cewa a tsaya, kafin ɗan wasa ya sha ruwa an karɓe bindiga. Bayan abin da ya faru 2021 wasu sun ce ma sun bar bindigar gaske kwata kwata, Dwayne Johnson ya ce kamfaninshi roba zai riƙa aiki da ita, wutar a sa da ordinata. Shi ma Chad Stahelski mai yin finafinan John Wick, wanda shi ne ya tsaya madadin Brandon Lee anka ƙarasa fim ɗin bayan rasuwarshi, da bindigogi masu toshasshen baki yake harbin kusa kusa, wutar daga baya ake ƙarawa. 

To wannan bayan kamara ne. Gaban kamara kuma labari ya juye, duk tsoron nan an share shi, an bar muna bindiga mai sauƙi kamar sandar makiyayi, kuma nan ne na fi jin ciwo. Ɗauki kalash, wadda Mikhail Kalashnikov ya ƙera 1947. Sharjarta harsashi 30 take ci, in ka danne kunama tana zubar da wajen 600 a minti, yi lissafi, sakan uku ta ƙare. Sakan uku. Akta kuwa sai ya yi minti biyu yana feshi bai canza ba. Sharja guda cike ta kusa kilo, sojan da ya ɗauki shida ko bakwai ga ruwa ga sulke ya san abin da ke bisa kafaɗarshi. M60 da Rambo ke riƙewa hannu ɗaya ta wuce kilo 10 ba harsashi, a soja mutum biyu ko uku ke aikinta, ɗaya na harbi ɗaya na riƙe ɗamarar harsashi, kuma in ta yi zafi sai an canza bututu. Ita ko mai baki shida ɗin nan mai juyawa da anka nuna cikin Predator a 1987, ta jirgi mai saukar ungulu ce, da lantarki take aiki, don a ɗauki hoton sai da anka rage mata gudu anka ja waya ta cikin wandon ɗan wasan zuwa batura da ke ɓoye. Ba sojan da ke yawo da ita daji. Roka ta RPG in an harba wuta ke fita ta baya mita da yawa, wanda ya harba ta cikin ɗaki ko cikin mota kanshi ya fara ƙonawa. Ƙofar mota da ake laɓewa bayanta, harsashin kalash ratsa ta yake ya fita ta ɗaya gefen. Mutumen da ka ga an harba ya tashi sama ya faɗa baya, igiya ce ɗaure ga ƙugunshi ake fizga, jinin da ya fantsama kuma ɗan buhun jan ruwa ne bisa faranti ƙarƙashin riga da ɗan abin fashewa da ake tayarwa daga nesa.

Har wutar da ƙarar ma gyararru ne. Kamara hoto 24 take ɗauka cikin sakan, walƙiyar bakin bindiga ko ba ta kai tsawon hoto guda ba, sau da yawa kamara ba ta kama ta, sai a cika holoƙo da albarushi mai yawan haske ko a zana wutar wajen montaji. Soja na gaske ba ya son wutar nan don tana tona inda yake, shi ya sa ake sa ma bakin bindiga abin rage ta. Ƙara kuma a situdiyo ake haɗa ta, a sa mata kauri da daɗin ji. Ta gaske ba daɗi gare ta, tana kai wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarfin ƙara, kunnen ɗan Adam ko daga 140 yake fara lalacewa nan take. Wani tsohon soja maƙwabcinmu, wanda sai ka zauna ta damanshi in kana son ya ji ka, ya taɓa ce mini, "Ɗana, cikin fim suna harbi suna hira. Mu in an buɗe wuta ko sunanka aka kira ba ka ji, kuma bayan an gama kwana uku kunnenka na kuka." Fim ba ya nuna maka wannan, ba ya nuna wanda anka harba ga ciki ya kwana yana kiran uwarshi, harbi guda ne mutum ya faɗi shiru a wuce wajen na gaba.

Akwai kuma zancen wa ke ba da kayan, don makamin fim ba daga sama yake faɗowa ba. Lokacin yaƙin cacar baka Hollywood ba ta samun kalash ta Rasha, sai ta yi amfani da ta Sin ko ta Masar ko Valmet ta Finlan a matsayinta. Da Tarayyar Sobiyet ta rushe makamai sunka yi arha har ta kai masu fim ɗin Lord of War na 2005 sun sayi bindigogi 3000 na gaske ƙirar Chek, masu kama da kalash, don sun fi na kwaikwayo sauƙin kuɗi. Ka tsaya ka yi tunanin wannan, ta kisa ta fi ta wasa arha, kuma mu nan Sahel mun san ma'anar haka tun bayan faɗuwar Libiya 2011. Manyan kaya kuwa, jirage da tankoki, ma'aikatar tsaron Amurka ke da ofis na musamman mai hulɗa da masu fim, tana ba da aro amma sai ta karanta labarin, in bai yi mata ba ta nemi a gyara ko ta hana kayanta. Black Hawk Down na 2001 a Maroko anka ɗauke shi da jiragen sojan Amurka na gaske da matuƙansu, labarin faɗan Mogadishu ne na Oktoba 1993 inda sojan Amurka 18 sunka mutu, Somaliyawa kuma ɗaruruwa. Su 18 ɗin fim ya ba su suna da fuska da iyali, ɗaruruwan kuwa inuwa ce baƙa riƙe da kalash tana faɗuwa. Mu kuma muna zaune bisa benci muna tafa ma akta, ba mu lura waɗanda ke zubewa kamarmu suke ba. Cikin waɗannan finafinai kalash kullum hannun mugu take, Balarabe ko baƙar fata ko ɗan Biyetnam, alhali ita ce bisa tutar Mozambik, ita ce kuma hannun sojanmu da ke gadin hanya.

Abin alfahari, wani namu ya riga kowa ganin wanga abu. Mustafa Alasan mai shirya fim, wanda ya zauna nan Tawa shekaru da yawa kafin ya rasu 2015, tun 1966 ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tahiya da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya raba ma abokanshi, sunka sa sunka ɗauki sunayen Turawa sunka shiga kwaikwayon abin da sunka gani sinima har wasa ya zama ɓarna cikin gari. Umaru Ganda kuma, wanda sunanshi ke bisa babban gidan al'adu na Yamai, shi yaƙin Indoshin ya je da ƙafarshi cikin sojan Faransa, da ya zo yin fim ɗinshi Cabascabo abin da ya fi damunshi shi ne rayuwar sojan bayan ya dawo gida, kuɗi sun ƙare abokai sun watse. Wanda ya riƙe ta gaske bai yi mata kwalliya ba. Waɗannan su ne iyayen sana'ar a ƙasar nan, kuma na fi son ɗiyanmu su gaje su bisa ga su gaji Komando.

Sannan mu yanayinmu ba na Kalifoniya ba ne. Tun 2017 akwai dokar ta ɓaci a wasu sassan jihar nan, kuma ba mu manta 21 ga Maris 2021 ba, ranar da anka kashe mutum 137 a ƙauyukan yankin Tiliya. Inda mutane ke ɗauke da irin wanga ciwo, samari biyar da kaki da abu mai kama da kalash bayan gari ba wanda zai tsaya tambayar ko fim ne. Ko ta itace na iya jawo harbi. A Amurka ma inda doka ta sa a yi ma bakin bindigar wasa jan lemo, a 2014 ɗan sanda ya harbe yaro ɗan shekara 12 a Cleveland yana riƙe da ta wasa wadda alamar ta fita. Shi kuma mai kakin da zai ba da aro, bindigar ba tashi ba ce, ta ƙasa ce mai lamba, aikinshi da 'yancinshi ya sa a caca don fim ɗin minti ashirin. Fidda sharja kuma ba ya nufin ba komi, harsashi guda na iya zama cikin bindigar gindin bututu ta riga ta hau, kuma wannan gudan ita ke kashe mutane wajen sharar bindiga ko wajen ɗaukar hoto da ita. Ta mahalba ma, adaka, kar wani ya ce ai albarushi kaɗai zan ɗura, tsumman da anka toshe da shi da tsakuwar da ta maƙale duk fita suke.

Abin da zai sa fim ɗinsu ya yi kama da gaske ba ƙarfen ba ne. Mai kallo ba ya taɓa bindigar, jikin ɗan wasa yake karantawa, yadda nauyi ya ja kafaɗarshi, yadda ya ɗan girgiza lokacin harbi, yadda ya runtse ido, yadda ya tsaya ya canza sharja hannu na rawa. Wuta da hayaƙi da kwanson da ke tsalle duk ana sa su da manhajar montaji da ke cikin portabul ɗin nan nasu, in an kula an haska fuskar mai harbin daidai lokacin, an kuma sa ƙura ta tashi ƙasa, sai ya zauna daram. Finafinan Kano da yawa inda suke faɗuwa ke nan, bindiga ba nauyi ana kaɗa ta kamar mafici, wuta an manna ta kamar tambari, ba wai don ba ta gaske ba ce.

Jiya da safe na ɗauki yaron bisa moto munka tahi wajen wani kafinta, munka kai mishi hoto, ya ce kwana huɗu zai fidda guda uku, na roƙe shi ya huda ciki ya zura rodi don ta yi nauyi ta kusa kilo huɗu. Ya ba mu wata tsohuwa da ya taɓa yi ma 'yan wasan lakwal mu riƙa gwaji. Daga can munka biya wajen tsohon sojan, ya karɓe ta ya juya, duk da ya ga itace ce sai da ya maida bakinta ƙasa kafin ya miƙa ma yaron, ya ce, "Jikana, yatsa waje. Ba ka sa shi ga kunama sai ka yi niyyar harbi, kuma bakin nan kar in ga ya kalli kawunka." Ya sa shi ya riƙe ta ga kafaɗa yana tahiya daga bakin zaure zuwa gindin bedi yana dawowa, kafin minti goma hannun yaron ya fara saukowa, tsohon ya ce to haka za ka yi gaban kamara, kar ka ɓoye gajiyar. Takardar sanar da komisariya da jandarmari mun rubuta ta da dare, da rana da wuri da sunayen duk masu wasa, gobe litinin zan raka su mu kai, in an sa hannu asabar za su fara ɗauka cikin garkar wani abokina mai katanga.